Yatsun Bambara Harry: raddi ga masu wanke gidan Carter

A gabashin jihar Birjiniya ta ƙasar Amurka, kusa da inda kogin Rappahannock yake zuba ruwansa cikin mashigin Chesapeake, akwai wata tsohuwar majami'a ta jan bulo wadda aka gama ginawa a shekara ta 1735. Har yau tana tsaye, masu yawon buɗe ido suna zuwa kallonta. A gefenta akwai kushewar mutumin da ya biya kuɗin ginin, Robert Carter, wanda mutanen zamaninsa suka laƙaba wa suna Sarki saboda yawan dukiyarsa da girman kansa. Bisa dutsen kabarin an sassaƙa dogon yabo da harshen Latin: ya shugabanci majalisa, ya riƙe baitulmali, ya riƙe ƙasar kanta na wani lokaci, ya kashe kuɗi mai yawa wajen karatun ƴaƴansa, ya karɓi baƙi hannu biyu-biyu. Cikin yabon kuma an ce dukiyarsa mai tarin yawa ce, ya same ta ba tare da wani aibi ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami.

A kudancin Amurka akwai wani irin rubutu mai farin jini, wato tarihin gidajen manyan manoma na farko. Tsarinsa ɗaya ne duk inda ka same shi. Wane ya baro Ingila a shekara kaza, ya sauka a gaɓar kogi kaza, ya share daji, ya kafa gandu, ya auri ɗiyar wane, suka haifi su wane, jikokinsa suka zama gwamnoni da janar-janar. Bayi kuwa, in an ambace su, cikin jimla guda ne, tsakanin adadin shanu da na cokulan azurfa. Idan ka ɗaga murya a kan haka, amsar a shirye take: mutumin zamaninsa ne, kada a auna mutanen da da ma'aunin yau. Da a can kaɗai ake wannan magana da na ƙyale. Amma na ji ta da kunnena daga bakin wani abokin aikina, malamin tarihi mai ilimi da natsuwa, ranar da muke shirya darasin fataucin bayi na ƴan kwaleji. Ya ce aikinmu bayani ne, hukunci na alƙali ne. Na yarda da rabin maganarsa. Sai dai bayanin da ya tsallake rabin mutanen gida ya riga ya yanke hukunci tun kafin a buɗe baki, kuma gidan Carter shi ne shaidata.

Uban gidan, John Carter, ya iso Birjiniya daga Ingila wajen shekara ta 1635, kuma a farkon shekarun 1650 ya tare a bakin Rappahannock, a wurin da ya kira Corotoman. Littattafan salsala suna kiransa mai kafa gari, kamar wanda ya tarar da fili ba kowa. To, sunan Corotoman kansa ya tona asirin, domin daga sunan mutanen Cuttatawomen aka samo shi, ƴan asalin wurin da suke noman masara da kamun kifi a gaɓar tun kafin wani Bature ya san da kogin. A shekara ta 1654 majalisar yankin ta naɗa John Carter jagoran mayaƙan da aka tura wa ƙabilar Rappahannock. Haka aka share dajin. Sauran aikin kuma doka ta yi shi. A wancan lokaci duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa Birjiniya ana ba shi fili na kusan hekta 20, ko mutumin baran yarjejeniya ne daga Ingila mai wa'adin ƴan shekaru, ko ɗan Afirka ne da aka kawo cikin mari. A shekara ta 1665 John Carter ya karɓi kusan hekta 1600 a kan mutum 80 da ya shigo da su, cikinsu har da ƴan Afirka. Mai karatu ya dubi wannan ciniki da kyau. Ka sayi mutum, a ba ka ƙasar wani kyauta saboda ka saye shi, sa'annan ka sa shi ya nome maka ita. Riba biyu ke nan daga jiki ɗaya.

Robert, ɗan matarsa ta huɗu, an haife shi wajen shekara ta 1663. Yana ƙarami uban ya rasu. Aka tura shi Landan ya yi shekara shida yana karatu a hannun wani attajirin taba, ya koyo lissafi da Latin da yadda kasuwar taba take juyawa daga ɓangaren mai saye. Da yayansa John ya rasu a shekara ta 1690, yawancin gadon ya faɗo hannunsa. Daga nan sai hawa: wakili a majalisa a 1691, shugaban majalisa a 1696, ma'ajin yankin daga 1699 zuwa 1705, ɗan majalisar gwamna har ƙarshen ransa, muƙaddashin gwamna daga 1726 zuwa 1727. Ban musa hazaƙarsa ba. Wasiƙunsa da suka tsira sun nuna mutum mai ido a kan kowace ganga ta taba da kowane sule, wanda ba ya barci da bashi a wuyan wani.

Amma ƙasar da ta mai da shi sarki ta wata ƙofa ta shigo. Tsakanin kogin Potomac da na Rappahannock akwai yanki mai faɗin sama da hekta miliyan 2, wanda Charles na Biyu ya yi wa wasu magoya bayansa kyautarsa a shekara ta 1649, lokacin yana gudun hijira, ba shi da gadon sarauta balle ikon taki ɗaya na ƙasar da yake rabawa. Ta hanyar gado da aure yankin ya koma hannun gidan Fairfax, su kuwa suna zaune a Ingila, suna bukatar wakili mai raba filaye da karɓar haraji. Robert Carter ya riƙe wannan wakilci sau biyu, daga 1702 na kusan shekara goma, sa'annan daga 1722 har mutuwarsa. Masu awon ƙasa nasa ne, shi ya fara sanin inda ƙasa mai kyau take, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Sai ya riƙa rubuta manyan filaye da sunan ƴaƴansa da jikokinsa. Da ya rasu ranar 4 ga watan Agusta na 1732, ya bar kusan hekta dubu 120, da tsabar kuɗi fam dubu 10, da gandaye sama da 40. Shekara uku bayan haka Lord Fairfax ya taso da kansa daga Ingila don ya ga abin da ya saura na ƙasarsa. Da wani kantoma a nan ya yi irin wannan da filayen gari, mun san sunan da za mu kira shi a fada da kasuwa. A can an rubuta bisa dutse cewa ba aibi.

Ƙasa ba ta nome kanta. Taba shuka ce mai cin mutum: a yi reno, a dasa, a yi shema, a cire tsutsa da hannu ganye bayan ganye, a karya kai, a yanke, a shanya a rumfa, a tsinke, a danna cikin manyan ganguna, shekara ta zagayo ba hutu. Takardar ƙidayar gadon Carter ta jera bayi sama da 700, gandu bayan gandu, kowane da sunansa, tare da dawaki da aladu da tukwanen wurin. Da yawansu shi ya saye su daga cikin jirgi, domin ban da noma yana dillancin bayi: attajiran Ingila su aiko da jirgi cikin kogin, shi ya sayar, ya cire la'adarsa, ya kuma zaɓi waɗanda suka yi masa. A wata wasiƙa ta shekara ta 1727 ya shaida wa sarkin gandunsa cewa sababbin bayin da ya aika masa ya riga ya raɗa masu sunaye, an yi ta maimaita masu har kowa ya san nasa yana amsawa. Mu da muke yanka rago ranar suna, muke tara dangi a yi addu'a a raɗa wa jariri suna a kunne, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da ake ƙwace wa babban mutum idan aka goge sunan da uwarsa ta sani aka liƙa masa wani kamar tambarin raƙumi.

Wani suna guda ya tsira da ɗan guntun asalinsa. A watan Maris na shekara ta 1708 Robert Carter ya kai ƙara gaban kotun gundumar Lancaster a kan bayinsa biyu, namiji mai suna Bambara Harry da mace mai suna Dinah. Laifinsu gudu, sun ƙi zama, duka bai gyara su ba. Ya nemi izinin ya datse masu yatsun ƙafa, kotu ta ba shi. A bakin fataken gaɓar Senegal da Gambiya na wancan zamani, kalmar Bambara suna ne da ake bai wa kamammun da aka gangaro da su daga can cikin ƙasa, wajen saman kogin Kwara. Ke nan mutumin daga maƙwabtanmu na yamma ya fito, ko aka ɗauka daga can ya fito. Kuma abin bai tsaya kansu ba. Kusan shekara ashirin bayan haka, a 1727, Carter ya rubuta wa sarkin gandunsa game da wani bawan mai yawan gudu, yana alfahari cewa da wannan magani ya warkar da bayi da yawa daga ciwon gudu. A shekarar yana riƙe da kujerar gwamna. Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma masu wanke manyan manoman Amurka sun daɗe suna ɗora zaluncin a kan masu tsaron gandu marasa tarbiyya. A nan dai sarkin ne da kansa ya je kotu, da hannunsa kuma ya rubuta wasiƙar.

Yanzu mu koma ga maganar mutumin zamaninsa. Zamani ba ruwan sama ba ne da yake sauka a kan kowa ba da shawararsa ba. Zamanin Birjiniya mutane ne suka zauna a ɗaki suka rubuta shi, doka bayan doka. A 1662 suka ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, saboda haka ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa bawa ne, ana iya sayar da shi. A 1667 suka ce shiga addinin Kirista ba ya ƴanta kowa. A 1705 suka tattara dokokin bauta wuri guda, suka lissafa bawa cikin dukiyar da ake gada kamar fili, suka halatta yanke gaɓar wanda ya cika gudu. A 1723 suka hana ubangida ya ƴanta bawansa sai da yardar gwamna da majalisarsa. Dokokin farko an yi su a zamanin uban, wanda shi ma ɗan majalisa ne. Na 1705 da na 1723 kuwa an yi su Robert yana zaune a majalisar gwamna. Mutumin da ya taya saƙa tabarma ba ya cewa tabarmar ce ta tilasta masa zama.

Sa'annan wa ya ce zamanin nasa ne shi kaɗai? A shekara ta 1688, shekarar da ya yi aurensa na fari, wasu mabiya ɗariƙar Kwaka a Germantown ta Pennsylvania sun rubuta takardar ƙin cinikin mutane. A 1700 wani alƙali a Boston, Samuel Sewall, ya buga ƙasida a kan haramcin abin. Waɗannan Turawa ne, kuma ana yawan kawo su hujja. Ni hujjata ta fi kusa da gida. Bambara Harry da Dinah su ma mutanen zamanin ne. A shekara guda suka rayu da Carter, a gandu guda, ƙarƙashin rana guda. Sun san abin da ake yi masu zalunci ne, sun faɗa da ƙafafunsu sau da yawa har sai da aka nemi wuƙa. Duk wanda ya ce a lokacin ba wanda ya ga laifin bauta, to ya cire mutum 700 daga cikin masu gani, ya bar mutum ɗaya. Wannan ita ce ainihin ƙidayar da ubangida ya yi, marubucin ya sake yin ta da tawada.

Inda masu salsala suka fi jin daɗi shi ne wajen zuriya, kuma gaskiya abin akwai ban mamaki. Mata biyu, Judith Armistead da Elizabeth Landon, sun haifa masa ƴaƴa 15, ya aurar da su a manyan gidajen yankin kamar mai shuka dabino. Jikokinsa biyu, Carter Braxton da Benjamin Harrison, da tattaɓa-kunnensa Thomas Nelson, suna cikin waɗanda suka sa hannu a sanarwar ƴancin kan Amurka ta 1776. Shugabannin ƙasa biyu daga tsatsonsa suke, William Henry Harrison na 1841 da Benjamin Harrison na 1889 zuwa 1893. Janar Robert E. Lee, wanda ya jagoranci sojojin Kudu a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 don bauta ta ɗore, uwarsa ɗiyar gidan Carter ce ta gandun Shirley. Ana jera waɗannan sunaye a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni abin da na gani gado ne yake gudu. Yaron da aka haifa a kan hekta dubbai, da ɗaruruwan hannaye suna yi masa noma, da malami a gida da makaranta a Ingila, in ya zama gwamna ba jininsa ya kamata a yi wa kirari ba.

Ga wani abin da ya faru a cikin gidan, wanda ya fi jerin shugabannin ƙasa koyarwa. Landon Carter, ɗan Sarki, mai gandun Sabine Hall, ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. A ƙarshen watan Yuni na 1776, ƴan kwanaki kafin sanarwar da ƴaƴan ƴan'uwansa mata za su sa wa hannu, bayinsa takwas, cikinsu da wani mai suna Moses, suka shiga kwale-kwale da dare suka nufi jiragen gwamnan Ingila, Lord Dunmore, wanda tun watan Nuwamba na 1775 ya yi shelar ƴanci ga bawan ɗan tawaye da ya zo ya ɗauki makami a ɓangaren sarki. Landon ya cika shafuka da ƙorafin butulci. Mutumin da yake kukan cewa sarkin Ingila yana son mai da Amurkawa bayi saboda harajin shayi, ya kasa gane abin da ya sa Moses ya bar shi.

Sai jikan da ba a son ambato. Robert Carter na Uku an haife shi a 1728, yana ɗan shekara huɗu ubansa da kakansa suka rasu a shekara guda. Ya gaji gandun Nomini da wasu da dama, waɗanda ya raɗa wa sunayen burujai goma sha biyu, ya auri Frances Tasker ta Maryland, ya shiga majalisar gwamna kamar kakansa. Ya yi shekara kusan arba'in yana cin gumin bayi, kada a ɗauke shi waliyyi. A 1778 ya bar majami'ar manya ya shiga ɗariƙar Baptis, inda baƙi da farare suke ibada a rumfa guda. A 1782 Birjiniya ta sassauta dokar 1723, ta bai wa ubangida damar ƴantawa. Ranar 5 ga watan Satumba na 1791 ya shigar da wata takarda a kotun Northumberland, wadda aka sani da Takardar Kyauta, ɗauke da sunaye da shekarun bayi sama da 450. Ya tsara a riƙa sakin su kashi-kashi kowace shekara, yara maza in sun kai 21, mata in sun kai 18. Da aka haɗa da waɗanda aka haifa daga baya, adadin ya haura 500. Ba wani mutum ɗaya da ya ƴanta yawan haka a Amurka kafin yaƙin basasa. George Washington ya ƴanta nasa sama da 120 ta hanyar wasiyya, bayan ransa. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki sama da 600 a tsawon rayuwarsa, ya ƴanta biyu yana raye, biyar a wasiyya.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Ya bai wa wasu daga cikin ƴantattun hayar gonaki, maƙwabta suka fusata. Wani ya aiko masa wasiƙa ba suna, yana kwatanta shi da mai cinna wa gidansa wuta alhali gidajen maƙwabta suna manne da shi. Ƴaƴansa suka ga gadonsu yana fita ta ƙofa da ƙafafunsa. A 1793 ya bar Birjiniya ya koma Baltimore, ya danƙa ci gaban aikin a hannun wani mai wa'azin Baptis, Benjamin Dawson. Ya rasu a 1804, aka binne shi a Nomini cikin kabari marar alama. Ɗansa George ya kai maganar kotu don a tsayar da sakin, bai yi nasara ba. Sai ya sayi wasu bayin ya cika sabon gandunsa na Oatlands, inda a 1860 aka ƙidaya mutum 133 cikin bauta. A 1806 kuma majalisar jihar ta yi dokar cewa duk wanda aka ƴanta daga lokacin ya bar jihar cikin wata 12.

Me ya sa ƙasar da take gina gunki ga kowane janar ta yi shekara ɗari biyu tana kau da kai daga wannan mutum, har sai da Andrew Levy ya fitar da littafi a kansa a 2005 sunansa ya ɗan fito fili? A ganina dalilin a bayyane yake. Muddin ana tunawa da shi, uzurin sauran ya rushe. An ce ba a iya sakin bayi da yawa ba tare da ƙasa ta kama da wuta ba, ya saki, ba ta kama ba. An ce doka ta ɗaure hannun iyayengiji, ga shi ya bi dokar ya yi. Gida ɗaya, ƙasa ɗaya, taba ɗaya, kaka ya nemi izinin datse yatsu, jika ya nemi a rubuta masa takardar saki a kotun da ke maƙwabtaka. Wanda ya ce ba zaɓi sai ya gaya mana yadda aka yi jikan ya samu nasa.

Wani zai ce, to, bayin ba su bar rubutu ba, da me za a rubuta tarihinsu? Wannan ma an amsa shi da aiki. A shekara ta 1997 wata masaniyar tarihi, Lorena Walsh, ta fitar da littafi kan bayin gandun Carter's Grove, wanda wani jikan Sarki, Carter Burwell, ya gina a shekarun 1750. Da takardun gado, da littattafan lissafi, da rajistar jirage, da abin da masu tonon ƙasa suka samu a kufan bukkoki, ta bi sawun jama'ar zuriya bayan zuriya, ta nuna da yawa daga kakanninsu ta tashar Kalaba da maƙwabtanta aka fito da su, a kudu maso gabashin Najeriya ta yau. Takardun da masu salsala suka yi shekaru suna tonowa don neman ranar auren wane, su ne dai ta karanta, ta dubi ɗaya gefen shafin. Haka ma Takardar Kyauta ta 1791 ta zama abin da zuriyar ƴantattun suke neman kakanninsu da shi a yau, tunda suna da shekaru suna ciki. Ashe shaida tana nan tun fil azal, mai tambaya ne babu.

Laifi tudu ne, in ji magabata, ka taka naka ka hango na wani. Ba zan ce bautar Birjiniya da ta ƙasashenmu abu ɗaya ba ne. A nan ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana gado, sau da yawa ma shi ke hawa gadon sarauta. Akwai murgu, akwai fansa, akwai bayin sarki da suka fi talakawa iko. Amma rinji rinji ne, kuma salon rubutun iri ɗaya ne har abin ya ba ni tsoro. Ku ɗauko ƴan littattafan da ƙungiyoyinmu na al'adu suke bugawa kan tarihin gari ko na gidan sarauta, daga Damagaram har Tawa. Wane ya taso daga gabas, ya sauka gindin tsamiya, ya kafa gari, ya yi shekara kaza bisa gado, ɗansa ya gaje shi. Wa ya haƙa rijiyar? Wa ya ɗauko ƙasar ganuwa a ka? Wa ya nome gandun da aka ciyar da dawaki da baƙi? Shiru. In ka tambaya a ce kana tonon asiri, ko a ce zamaninsu ne. Alhali sai a 2003 dokar Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka, kuma a watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta samu ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ɗiyar shekara 12. Zamanin da ake cewa ya wuce, ɗalibanmu na farko sun girme shi.

Na san abin da ke sa mutane ɗari-ɗari, kuma ba wasa ba ne. A garuruwanmu kalmar asali tana kashe aure, tana hana limanci, tana tayar da rigimar gona. Ban ce a buga sunan gidan kowa a ce kakansu bawa ne ba. Wanda yake son ba da labarin gidansa shi ke da ikon bakinsa. Abin da nake nema daga malamai da ƙungiyoyi ya fi haka sauƙi. A aji, idan an zo darasin fataucin bayi, a daina tsayawa kan taswira mai kibiyoyi uku da adadin miliyoyi. A rubuta shekara ta 1708 da ta 1791 a allo, a ba da labarin kaka da jika da Bambara Harry, a bar yara su yi gardama kan ko akwai zaɓi. A ƙungiya kuma, duk wanda ya kawo rubutun tarihin gari don a buga, kwamitin karatu ya tambaye shi inda rinjin garin yake, da sunan unguwar da maƙera da majema da masu haƙar rijiya suka zauna, da yadda aka yi suka zo. Tsofaffin da suka san amsa suna nan a zaurukan Maraɗi da Tasawa da Ƙonni, kuma na'urar ɗaukar magana tana cikin aljihun kowane malami.